Maɗacin Iya Tasalla

Saboda wasan kwamfuta na yi wata biyu ba na ɗaga wayar ɗan'uwana Nafi'u. Duk wanda na gaya wa haka sai ya dube ni ya yi dariya, wai ƙato da ni, mai mata da 'ya'ya uku, ina gaba a kan zanen da ke motsi a allo. Ba na ganin laifinsu. Ba su san faɗan ya girmi wasan da shekara ashirin da 'yan kai ba, kuma ba su taɓa zama bakin wutar kakarmu Iya Tasalla a ƙauyenmu Ƙofa ba.

Idan an gama kaka, dawa ta shiga rumbu, sanyi ya fara cizon kunne, to da an idar da sallar isha'i sai Iya ta sa a jawo mata kara da guntayen itace a hura wuta a ƙofar ɗakinta. Mu jikoki bakwai ne, wani lokaci takwas in 'yar maƙwabta ta sulalo. Kowa ya zo da abin da zai tura cikin toka, gyaɗa ko dankali, mu yi ta ture-turen wurin da hayaƙi ba ya bi. Ita kuwa ba ta iya zama haka nan. Kullum da faifai a cinyarta, tana kankare sassaƙe, tana ɗaure saiwoyi da zaren kaba, ƙunshi-ƙunshi. Jikinta da ɗakinta duk wari ɗaya suke yi, na ɗaci da hayaƙi da man shanu. Har yau in na ratsa ta wurin masu maganin gargajiya a kasuwar Kankiya sai na ga ƙafata ta rage sauri da kanta.

Ita ce mai maganin yara a wajenmu. Mata na zuwa daga ƙauyen Boko, har daga Sukuntuni an sha zuwa, da goyo mai zafin jiki ko mai gudawa ko wanda haƙori ya sa a gaba. Yawancin abin da take haɗawa daga wani tsohon maɗaci take samowa, wanda ke gefen gonar gidanmu, mai kaurin da mutum uku ba sa haɗa hannu a kansa. Ta ce kakarta ce ta fara kai ta gindinsa. Ba ta sassaƙar gefe ɗaya sau biyu a shekara, kuma duk inda ta sara sai ta kwaɓa laka ta shafe wurin. In mun tambaye ta dalili sai ta ce, "Kai in an yanke ka ba a ɗaure maka?"

Nafi'u ɗan Baba Idi ne, shi Baba Idi kuwa wan mahaifina ne kuma ɗan farin Iya. Sa'ana ne, wata huɗu kawai ya ba ni. Muna shekara bakwai ya kwanta ciwo da damina, idanunsa suka koma kamar garin ɗorawa. Iya ta duba shi kwana biyu, a na uku ta ce, "Wanga ya wuce hannuna. A kai shi asibiti Kankiya." Baba Idi ya ce ana tsakiyar noma, a bari sai ranar kasuwa. Ba ta tanka masa ba. Ɗan fari ne, ko sunansa ba ta iya faɗa, balle ta yi masa faɗa a gaban matansa. Washegari da sassafe ta goya ƙaton yaro ɗan shekara bakwai, ƙafafunsa na reto har gwiwarta, ta taka da shi har bakin hanyar da ake samun mota. Kwana tara suka yi a asibiti tana kwana a ƙasa kusa da gadonsa. Da suka dawo ta ƙara wata guda tana dama masa kunu, tana ba shi a baki da ludayi. Da ya miƙe, na ji da kunnena Baba Idi yana gaya wa mutane a zaure, "Allura ce ta tashe shi. Da an biye wa tarkacen tsohuwar nan da yanzu wani zancen ake."

Gatana muke ce wa tatsuniya a gidanmu, kuma Iya na da nata salon buɗewa. Sai ta gyara zama ta ce, "Ga wata nan tahe da ƙahwa ɗaya." Mu kuma mu haɗa baki, "Ta ƙaraso mu ara mata ta biyu!" A cikin duk gatanunta, wadda muka fi roƙo ita ce ta Gagarau da ƙanwarsa Ladingo.

Wai a wani gari Dodo ya tare rafin da ake ɗiban ruwa, har mutane suka fara shan taɓo. Gagarau ya ce shi zai je, ƙanwarsa ta bi shi da ƙwaryar guzuri. A hanya suka yada zango gindin wata tsohuwar itaciya, sai itaciyar ta yi magana. Ta ce kyauta biyu gare ta, amma kowace da abin da take ci. Wanda ya ɗauki ƙarfi, kunnensa zai toshe. Wanda ya ɗauki sanin saiwa da ganye, hannunsa ba zai ƙara iya ɗaga makami ba. A nan Iya kan tsaya ta bi mu da ido ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "To, kai wace za ka ɗauka?" Kowa ya ce ƙarfi. Nafi'u ya fi kowa ɗaga murya, har da miƙewa yana nuna damtse. Ni ma ƙarfi nake cewa, ba zan yi wa kaina ƙarya ba. Sai ta yi murmushi ta ce, "Haka shi ma ya ce, Ladingo ko ta ɗauki sanin saiwa da ganye," ta ci gaba.

Kwana bakwai Gagarau na kokawa da Dodo. Kullum Ladingo na bayan suri tana ƙwala masa kira, ka kauce, ga wutsiya nan ta hagu, shi kuwa ba ya ji. Kullum Dodo ya maka shi da ƙasa, ita kuma ta rarrafo ta ja shi da ƙafa, ta tauna ganye ta tofa a raunin, ta yage zaninta ta ɗaure. Gari na wayewa ya tashi garau, ya ce, "Kin ga ƙarfina? Barci kawai na yi na warke." Ran na bakwai ya kashe Dodo. Mutanen gari suka ɗauke shi a kafaɗa, ita kuma tana biye a baya da ƙwarya, zani duk ya ƙare. Makaɗa suka ce duk garin babu gangar da ta kai girman aikinsa. Sai Gagarau ya ce ai ya san wata itaciya mai kauri. Ladingo ta yi ihu, ta riƙe masa riga, bai ji ba. Aka sare itaciyar aka fafe ganga.

Yadda muka saba jin ƙarshenta shi ne, Ladingo ta zauna gindin kututturen tana kuka kwana uku har hawayenta suka sa ya yi toho. Ana nan ƙayar aduwa ta soki Gagarau a ƙafa, ƙafa ta kumbura, aka rasa mai magani. Sai ta tsinko ganyen tohon ta zo ta warkar da shi, kunnensa ya buɗe, ya ji muryarta karo na farko, ya durƙusa ya nemi gafara. Iya ta karkaɗe faifai ta ce, "Nan ta karye mani, wanda ya tsinci guntun ya kawo gobe." Mu watse da baƙin toka a leɓe.

Ina shekara tara, wata ranar Laraba muna dawowa daga firamare muka ji wani ƙugi daga wajen gona wanda ba mu taɓa jin irinsa ba. Muka ruga. Wasu mutane uku ne da zarto mai inji, sun riga sun ci rabin gindin maɗacin, Baba Idi na tsaye gefe ya goya hannu a baya. Ba a jima ba sai ga Iya, ba takalmi, tana riƙe da bakin zaninta. Ba ta dubi ɗanta ba. Masu injin ta fuskanta.

"Wa ya ba ku?"

"Mai gona, Iya," in ji babbansu, ya nuna shi da haɓa.

Baba Idi ya matso. "Iya, inuwarsa na kashe mani dawa kowace shekara. Icce ne fa, ba mutum ba. Sassaƙe ai ko'ina akwai shi."

Ta juya masa baya. Da itacen ya faɗi, ƙasa ta girgiza har cikin ƙirjina. Iya ta durƙusa tana tsintar ɓawon da ya warwatse tana zubawa a zani, ɗaya daga cikin mutanen ya ce, "Tsohuwa, ɗebi da yawa, yau kyauta ne," sauran suka kwashe da dariya. Baba Idi bai hana su ba. Da ta isa gida ta sansana abin da ta ɗebo, duk man inji ya ɓata shi, ta kai bola ta zubar. Kafin sati ya zagayo Baba Idi ya shigo gida da babur.

Ranar da aka sare itacen mun ɗauka ba za a yi hira ba. Sai ga ta ta hura wutar da kanta, ta aika a kira mu. Babu faifai a cinyarta, kuma ba ta ce ga wata nan tahe ba. Kawai ta kama gatanar Gagarau daga farko, da murya mai ƙarfi wadda ba ta saba ba, fuskarta na kallon dangar da ta raba sashenta da na Baba Idi. Ba ta tsaya tambayarmu wace za mu ɗauka ba. Da ta zo wurin sare itaciya sai ta canza hanya.

"Ladingo ta dubi kututture, ba ta yi kuka ba. Ta ɗauki ƙwaryarta ta yi yamma, ba ta waiwayo ba. Ƙaya ta soke shi, 'yar ƙaya wadda ɗan yaye ka cirewa. Ƙahwa ta kumbura ta yi turmi, suna kaɗa mashi ganga. Ta ruɓe, suna kaɗawa. Ƙuda na bin shi, suna kaɗawa. Ya mutu ana yi mashi kirari, shi ko bai ji ko guda ba, tunda kurma ne."

Nafi'u ne ya fara magana, yana kuka. "Iya, ba haka take ba! Ai tana dawowa!"

"Yau ba ta dawo ba," in ji Iya. "Ku tashi ku ba ni wuri."

Ta ɗauki butarta ta juye wa wutar. Ta bayan danga muka ji Baba Idi ya ƙara wa rediyonsa murya.

Na kwana ina jin daɗin wannan ƙarshen, ina cewa a raina Allah ya ƙara. Shi ya sa bayan kwana huɗu, da wata mata ta zo daga Boko da jariri yana ta miƙa, na laɓe bayan rumbu don in ga Iya ta yi irin ta Ladingo. Da farko ta yi. Ta ce wa matar, "Ku tahi wurin masu katako su ba ku." Matar ta tsaya tana share hawaye da gefen mayafi, ba ta tafi ba. Can Iya ta ja wani dogon tsaki, ta shiga ɗaki ta fito da sandarta da ɗan gatarinta, ta ce wa matar ta zauna a inuwa ta ba yaron nono. Akwai wani maɗaci can bayan fadama, tafiyar da ko mu yara ba ma son a aike mu. Can ta je. Sai bayan la'asar ta dawo, tun daga nesa ana jin faɗanta, ita kaɗai, tana yi da wanda ba ta ambaci sunansa ba. Haka ta yi ta wannan tafiya shekara shida, har gwiwoyinta suka ƙi. Gatanar Gagarau kuwa ba ta sake ba mu ita ba, ko da wane ƙarshe.

Ina makarantar kwana a Katsina ta rasu. Da na zo hutu na tarar an share ɗakinta tas, an zuba buhunan taki. Na tambayi ina ƙunshe-ƙunshenta, aka ce Baba Idi ya sa an kwashe an ƙone bayan gida, wai suna tara kunama. Na tsaya a ƙofar ɗakin ban ce uffan ba. Na je na gaishe shi da haƙuri kamar kowa. Wannan shirun nawa yana cikin abubuwan da har yau in na tuna nake jin haushin kaina, shi da cewa shekara da shekaru ina zaune gabanta ina cin gyaɗa, ban taɓa tambayarta sunan saiwa ko ɗaya ba.

Yanzu ina da shagon buga takardu a Kankiya, Nafi'u kuma yana aiki a Abuja. Bara ya kira ni ya ce akwai wani wasa da suke yi ta intanet, mutum biyar ke haɗuwa su yaƙi dodanni, sun rasa mai warkarwa. "Kowa takobi yake so," in ji shi. "Kai da ka iya zama wuri ɗaya, zo ka riƙe mana." Ranar Asabar bayan la'asar shago ba ya cika, sai na yarda.

Da ka shiga sai a jera maka irin mutanen da za ka iya zama, mayaƙi, maharbi, matsafi, da sauransu. Can ƙarshe akwai wanda suke kira duruwid, wato mutumin daji mai aiki da itatuwa da ganyaye. Shi ma hanyoyinsa uku ne. Yana iya rikiɗa ya zama naman daji ya yi faɗa da farce, yana iya kiran tsawa, yana iya zama mai magani. Duk matakin da ka hau sai a ba ka maki kaɗan, kai ka san inda za ka zuba su, kuma abin da ka zuba nan ka hana can. Na zaɓi hanyar mai magani. Sannan na ƙera tsohuwa gajera, baƙa, mai furfura, da sanda a hannu. Ban sa mata sunan Iya ba, ban ga wasa ya kai nan ba. Ladingo na sa. Da Nafi'u ya gani ya ce, "Wannan wane irin suna ne kuma?" Na ɗauka tsokana ce, na bar shi.

Duk makin da na samu a hikima na zuba shi, da kuma abin da ke sa ƙarfin maganinta ya daɗe bai ƙafe ba. Ko ɗaya ban sa a damtse ba. Na zaɓar mata ganyen da ake liƙa wa mutum ya yi ta warkar da shi a hankali, da yayyafin da ke sauka a kan kowa lokaci ɗaya, da saiwoyin da ke fitowa daga ƙasa su riƙe ƙafar abokin gaba, da tayar da wanda ya faɗi, wanda sau ɗaya tak ake yinsa a kowane yaƙi. Na sha wuya kafin ta girma, don in ita kaɗai ce ko kura ba ta iya kashewa. Nafi'u ya yi ta cewa in zuba ko kaɗan a rikiɗa, na ƙi. A hankali na gane cewa ganyen nan tun kafin duka ya sauka ake liƙa shi, in ka jira sai an ji ciwo ka makara. Na kuma gane cewa mai magani ba ya ganin yaƙin da ake yi. Layuka biyar yake kallo a gefen allo, ran kowa, suna hawa suna sauka.

Sauran ukun, biyu abokan Nafi'u ne, ta ƙarshe kuma wata maharbiya ce daga wata ƙasa, ban san ko wace ce ba, amma duk sanda na ɗago ta sai ta rubuto godiya da guntun Turancinta. Ita kaɗai ke yi. In an ci nasara allo kan nuna wanda ya fi yin ɓarna, kullum Nafi'u ne a sama, ya ɗauki hoton ya tura mana. In an faɗi kuwa, abu na farko da zan ji a kunnena shi ne, "Ina mai magani? Mansir, barci kake?" Alhali shi ne ya ruga can inda hannuna ba ya kai, ina ta ce masa ya dawo.

Akwai wani babban dodo da muka yi Asabar huɗu yana kashe mu. A ta biyar muka kayar da shi, bayan na tayar da Nafi'u daga ƙasa kuma na riƙe ransa da ɗan abin da ya rage mini, yatsuna har sun ƙage. Dodon ya yar da wata sanda ta ɗanyen itace mai ganye a kai, irin wadda ba kasafai take faɗowa ba, kuma mai magani kaɗai ke iya riƙe ta. Nafi'u ne shugaba, shi ke rabo. Ina kallo ya ɗauke ta, ya farfasa, ya cire duwatsun da ke jikinta ya liƙa wa takobinsa.

Na ce, "Nafi'u, me ka yi?"

Ya ce, "Haba, kai ai haka nan ma kana ƙoƙari. Ni ke gaba, ni ke shan duka. Sanda ce fa kawai, wata za ta faɗo."

Muka shiga yaƙi na gaba, ya ruga kamar kullum. Sai na ɗauke hannuna daga kan kwamfuta na harɗe su a ƙirji. Ina kallon layinsa yana sauka, rabi, kwata, yana ta ihu a kunnena, "Mansir! Mansir!" har ya faɗi. Na ji wani daɗi, amma bai kai numfashi uku ba. Dodon ya juya kan abokansa biyu ya gama da su, sannan ya bi maharbiyar nan. Ta yi ta gudu tana zagaya tsohuwata, tana jiran ganye. Da ta faɗi ba ta rubuta komai ba sai alamar tambaya guda ɗaya.

Nan take wayata ta yi ƙara, Nafi'u ne.

"Kai lafiyarka ƙalau? Da gangan ka yi!"

"Da gangan na yi."

"A kan sanda? Mansir, wasa ne fa!"

"Haka Baba Idi ya ce ranar da ya sa aka sare maɗacin Iya. Icce ne fa."

Ya ce, "Wane maɗaci?"

Na ɗauka ban ji daidai ba. Na ce maɗacin gefen gona, wanda Iya ke sassaƙa, wanda ta ba mu gatanar Ladingo a kansa har shi Nafi'u ya yi kuka. Ya ce shi fa yana tuna ana hura wuta ana cin gyaɗa, amma waɗannan bayanan ba ya riƙe da su, abin ya daɗe.

Na ce, "To da ka yi ciwon nan muna yara, wa ya kai ka asibiti?"

"Baba mana. Ba shi ke da babur ba?"

Na miƙe tsaye ban sani ba, kujera ta faɗi. Wani da ya zo ɗaukar takardunsa ya ja da baya daga bakin ƙofa. Na ce, "Babur ɗin da aka saya bayan ciwonka da shekara biyu? Da maɗacinta aka saye shi! A bayan Iya ka je, Nafi'u, da ƙafarta, ubanka yana gona!" Na kashe wayar.

Cikin wata biyun da ban kula shi ba na yi ta juya gatanar nan. Da ina yaro na ɗauka darasinta shi ne kada mutum ya zama butulu, kuma na fi son ƙarshen da Ladingo ta tafi. Sai da na yi irin tafiyar da kaina na lura da abin da Iya ta tsallake a daren nan. Ba ta gaya mana yadda yaran garin suka yi ba bayan mai magani ta yi yamma. Ta sani sarai, shi ya sa a cikin gatana kawai ta iya tafiya, da aka kawo mata jariri kuma ta ɗauki gatari. Amma kada wani ya zo mini da zancen haƙurinta. Duk sanda aka ambace ta a gidanmu sai a ce Allah sarki Iya, mai haƙuri. Matar nan fushi take yi, na ji da kunnena tun daga fadama har gida. Sun ga dai ba za ta iya barin yaro ya mutu ba, sai suka hau kan wannan suka zauna, suka sa masa suna haƙuri don kada a tambaye su komai.

Watan jiya na je Ƙofa. Na tarar da Baba Idi kwance a zaure, ya tsufa, ya rame, yana riƙe da ciki. Bayan mun gaisa ya ce, "Mansir, kai da kake manne da Iya, ko ka riƙe abin nan da take jiƙa ma masu ciwon ciki? Kwana biyar ke nan ban rintsa ba."

Na ce, "Ban riƙe ba, Baba. Abin da ta bari kuma kun sa an ƙone."

Tunda nake ban taɓa mayar masa da magana ba sai ranar. Ya dube ni, sannan ya mai da ido kan tabarma.

"Ashe kana nan da abin."

"Ina nan da shi."

Na kama shi na ɗaga, ba nauyi, na sa shi a mota muka nufi asibiti Kankiya. Da aka ba shi gado na fita waje na kira Nafi'u. Na ce babansa na kwance, ya taho ya yi jinya da kansa, ba aike ba, kuma in ya zo ya tambaye shi wanda ya kai shi wannan asibitin yana ɗan shekara bakwai. Washegari ya iso. Na bar su, ban san yadda suka yi ba. Bayan an sallami Baba sai ga saƙon Nafi'u: "Ya faɗa mini." Can ƙasa kuma ya ƙara, "Asabar za ka shigo?"

Fushina bai huce ba, kuma na daina jiran ya huce. Na rubuta masa cewa zan shigo, amma da sharaɗi. Wannan karon shi zai yi mai magani, ya fara daga matakin farko, hannu wofi, ni kuma in ɗauki takobi in ruga gaba ba waiwaye. Ya yi kwana uku bai amsa ba. Jiya da hantsi ina cikin buga wa wani takarda wayata ta motsa. Tambaya ce ya turo, wai a ina ake fara zuba makin.